Wandon Sybren

A tekunmu babu wurin da ba shi da suna. Ba a taswirar hukuma ba, a bakin masunta. Wurin da aka kakkafa manyan fankokin nan masu ba da wutar lantarki, mu Wandon Sybren muke ce masa tun ina saurayi.

Dalili kuwa, Sybren yana sabon shiga jirgi injin jan taru ya cafke masa ƙafar wando. Allah ya kiyaye ƙafar, amma wandon ya bi taru ya faɗa ruwa, a gaban jiragen garinmu da ke kamun kifi a gefe. Kafin su dawo tasha labari ya riga su. Tun daga ranar, duk wanda ya faɗi sunan a gabansa sai an raba su.

To, jikata Tjitske ta yi karatun halittun ruwa, ta dawo ta buɗe kamfani ita da ƙawayenta a tsohon ɗakin ƙanƙarar adana kifi. Bulo suke bugawa na siminti, manya, duk ramuka, wai a zuba a gindin fankokin don kifi da ƙaguwa su sami gida. Ni dai na ce mata kifi bai taɓa neman magini ba. Ta ce, "Kaka, ku ne kuka share musu ƙasan teku da taru, yanzu kuma ka ce kada a gina?" Yaran yanzu ba su da kunya.

Kuɗin aikin a intanet take roƙo, kowa ya jefa abin da ya samu. Mai ƙaramin hannu a ba shi kofin shayi. Wanda ya fi kowa bayarwa kuwa, shi zai raɗa wa wurin suna, a sa a taswira. Wani likitan haƙori daga birnin Utrecht ya shige gaba, ya ce sunan karyarsa zai sa, Fifi.

Da safe a rumfar da muke shan kofi, tsofaffi suka yi ta yi wa Sybren barka.

"Ka huta, tsoho! Karya ta wanke ka."

"A sayo masa sabon wando a yi biki!"

Na zaci zai yi murna, ko ya yi faɗa. Sai ya ajiye kofinsa bai shanye ba, ya ce, "Wiebe, tashi ka raka ni wurin jikarka."

Muka same ta da siminti har gwiwar hannu.

"Ke yarinya, wurin nan yana da suna," in ji shi.

"Wane suna, Baba Sybren?" Ta sani sarai, ja'ira.

"Kin san shi."

"Ai na ji ba ka son sa."

"Ba na son sa. Amma nawa ne." Ya juya hularsa a hannu. "Jirgina an yanka shi an sayar da ƙarfen. Waɗanda muka yi aiki tare duk suna maƙabarta, sai wannan mai taurin kan. Ɗa ban haifa ba. In aka sa Fifi, wa zai san na taɓa shiga tekun nan?"

Tjitske ta daina dariya. Ta ce alkawari ta yi wa jama'a, ba za ta karya ba. Amma ba ta hana mutane su haɗa hannu da sunan mutum ɗaya ba.

Mutumin da ko ashana bai taɓa roƙa ba, sai ga shi yana bin gida-gida. Mutanen garinmu kuwa ba su da kirki a irin wannan. Mai gasa burodi ta ce ba za ta ba da ko sisi ba sai ya ba ta labarin da bakinsa. Ya tsaya a tsakiyar shago, fuska ja wur, ya bayar. Mai kyafa kifi ya ce shi sai an nuna masa yadda aka yi. Na ce, "Kai, ka ji tsoron Allah, dattijo ne." Kafin in rufe baki Sybren ya ɗaga ƙafa ɗaya yana tsalle.

A gida na nawa ne ban sani ba, labarin ya fara yi masa daɗi. Igiyar ruwa ta ƙara tsawo, wandon ya zama sabo fil wanda uwarsa ta ɗinka. Tjitske ta ɗauke shi da wayarta, da izininsa, ta sa a shafin neman kuɗin. Mutanen da ba su taɓa jin warin kifi ba suka yi ta turo nasu, suna rubuta "don wando".

Likitan ya ƙara, garinmu ya ƙara. Da aka rufe, Sybren ne a sama, kuɗin bulon ma ya ishi Tjitske har da saura.

Ta zo rumfa ta ce ya faɗi sunan da za a kai wa masu taswira. Na ja shi gefe.

"Dama ta zo. Ka ce Tudun Sybren kawai, ka mutu da mutuncinka."

"Tudun wa? Wa ya san shi? Kai dai ba ka taɓa ba da shawara mai amfani ba."

Da bazara aka ɗauke mu a jirgin da zai sauke bulon, aka sa mana rigunan ruwa masu launin lemo kamar 'yan makaranta. Fankokin na juyawa a kanmu, ƙugiya ta ɗaga bulon farko. Daga tasha aka kira a rediyo ana tambayar inda muke. Matuƙin, wani yaro ɗan Rotterdam, ya fara karanto lambobi. Sybren ya ƙwace abin maganar daga hannunsa.

"Muna Wandon Sybren," in ji shi. "Mai wandon ne ke magana. A saki bulo."