Takin Gonar Yaya Sammani

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ranar da Hajiya Khairiyya ta taso tun daga Safana ta dire turamen atamfa sittin a shagon Mahfuza tela, sai da duk layin teloli na Batsari ya sani, don Mahfuza ba ta iya ɓoye murna ba. Ankon bikin autar Hajiya ne, kuma sati uku aka ba ta. Kekunan ɗinki huɗu suka kama kuka tun daga hantsi har la'asar, almakashi yana ci, ita kuwa tana tsakiyar 'yan matanta da tef a wuya, tana waƙa tana faɗa a lokaci guda.

Murnar tata kashi biyu ce, kuma ta biyun ta fi daɗi a ranta. Yawan ɗinki shi ne yawan ƙyallaye, yawan ƙyallaye kuma a wurin Mahfuza taki ne. Haka ta tashi ta ga mahaifinsu yana yi. Shi ma tela ne, kullum ya share shago sai ya zuba a juji, in bazara ta yi a kwashe da kashin awaki a kai gona, ƙasa ta cinye. Da ta buɗe nata shagon sai ta ɗora daga inda ya tsaya, har ta fi shi, don ita har sharar maƙwabta take bi tana roƙa. Shekara uku ke nan duk bazara amalanke yana tashi daga ƙofarta zuwa Karare, gonar yayanta Sammani. Gonar nan ta bakin gari ita kaɗai ta rage masa tun da gonakin daji suka gagari mutane, kuma a cikinta ake ciyar da baki goma sha ɗaya. Bana amalanke har sawu uku ya yi, Mahfuza tana ta cika baki cewa dawar Yaya sai an sa tsani kafin a yanke ta.

Ranar kasuwa, saura kwana shida biki, Sa'adatu matar Sammani ta shigo shagon. Tsakaninsu akwai wasan matar wa da ƙanwar miji, don haka Mahfuza ta tare ta da tsiya, wai ina tukuicin taki, ko har yanzu rowar ba ta sake su ba? Sa'adatu ta yi dariya ta ciki na ciki. Ta zauna, ta sha ruwa, ta juya gefen mayafinta, sannan maganar da ta daɗe tana ci mata rai ta kuɓuce.

"Mahfuza, don Allah kar ki ce ni na hwaɗa maki. Abin nan ba ya ruɓewa. Bara rabin gyaɗar ba ta yi ba, saiwa sai ta naɗe da tsumma. Yayanki shi kaɗai yake bi yana tsinta, ya ce kyauta ce ta ƙanwa, ba a mai da ita."

Mahfuza ta so ta musa, amma hannunta ya riga bakinta. Ta ɗauki ƙyallen atamfar anko ta jefa cikin garwashin dutsen guga. Da auduga ce, da ta ci wuta ta koma toka. Wannan kuwa sai ta ƙanƙance, ta narke, ta yi baƙin dunƙule mai warin leda. Ta jefa leshi, haka. Ta jefa yadin da ake wa yara kayan Salla, haka. Ashe tufafin zamanin babansu daban, na yanzu daban, ita kuma ta yi shekara uku tana yi wa ɗan'uwanta gyaran gangar Abzinawa. Kunya ta kama ta har cikin ƙashi, kuma ta ji haushin Yaya Sammani da wannan kawaici nasa da ba ya gaya wa mutum gaskiya.

Ta hau mashin ɗin haya sai Karare. Tun daga nesa ta gane gonar, don babu mai irinta a duk karkarar: ja, kore, ruwan goro, shuɗi, kamar an shanya wankin gari guda. Sammani yana tsakiya a duƙe da buhu. Da ya gan ta sai ya ɓoye buhun a bayansa, babban mutum da furfura, ya shiga tambayarta gajiya da mutanen gida. A gabas kuwa hadari ya fara haɗa gira. Kowa ya san in ruwan shuka ya sauka dole garma ta shiga, kuma duk abin da garma ta binne ya binnu.

Washegari Hajiya Khairiyya ta zo duba aiki ta tarar kekuna a rufe da zane. Mahfuza ta gaishe ta har ƙasa, ta zayyana mata komai, ta ce ita da 'yan matanta gona za su tafi, in ya ɗauke su kwana huɗu to kwana huɗu ne, anko sai dai ya jira. Hajiya ta yi salati, ta tuna mata alƙawari, ta ce daman an ce kar ka yarda da ranar tela. Mahfuza ta ce duk ta ji, amma tsakanin anko da tuwon gidan Yaya ta riga ta zaɓa. Hajiya ta ƙare mata kallo. Ita ba ta saba a kayar da ita a ciniki ba, kuma kanta yana ja.

"To in hannu sittin suka shiga gonar hwa, kwana nawa za ta ci?"

"Wuni guda, Hajiya."

"Ki buɗe kekunanki. Gobe duk mai son sa anko ta zo gayya."

Wayyo, ina ma kun ga Karare a safiyar nan. Motocin bas uku suka tsaya a bakin gona suka zazzage ƙawayen amarya da gwaggonni da 'yan matan dangi, wasu har da jan baki, don an ce da su fita za a yi. Telolin layi maza su ma suka rufe shaguna suka biyo a kan mashina, tun da dai har da sharar tasu a ciki. Sa'adatu ta dama kunun tsamiya a babbar tukunya. Aka ja layi daga wannan iyaka zuwa waccan, kowa da buhu, Hajiya tana zaune a inuwar gawo tana ba da umarni da sandar rake.

Nan da nan aiki ya koma biki. Wannan ta ɗaga ƙyalle ta ce ga rigar sunan ɗanta, waccan ta gane leshin da ta ce tela ya cinye mata, aka yi ta yi wa teloli tsiya, su kuma suna rantsuwa. Wata gwaggo ta rangaɗa guɗa, 'yan mata suka ɗauki waƙa suna tafi da buhuna. Mahfuza tana gaba, zane a ɗaure a ƙugu, gumi yana zuba, tana duban gabas tana ƙara sauri. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: kafin la'asar sakaliya ƙasar gonar ta fito fes, ja wur, an jera buhu arba'in da ɗaya a bakin hanya. Inda za a kai su babu wanda ya sani tukuna, don juji gonar wani zai koma, kwalbati ta toshe, wuta kuma ta cika gari da wari. Mahfuza ta ce a kai mata shago, ko matasan kai ne za ta ɗinka ta cusa.

Ana loda buhu na ƙarshe iska ta juya, ruwa ya ɓarke. Mata suka ruga mota suna shewa da dariya, jan baki yana bin haɓa. Mahfuza ta tsaya cikin ruwan ta ɗaga hannu sama, daɗi kamar ya kashe ta.

Ba ta koma Batsari ba, ta ce sai ta ga garma ta ja kunyar farko da idonta. Da safe Sammani ya ɗaura wa shanunsa garma, ya yi bisimilla, ya kafa. Ƙasa ta tsage tana ƙamshi, Mahfuza tana biye tana murmushi. Taku goma garma ta yi ta turo wani abu mai shuɗi. Gaba kaɗan ta turo ja, ta turo kore, na bara da na bara waccan, waɗanda aka riga aka binne. Murmushin ya tsaya mata a fuska.

Ta duƙa ta zaro shuɗin ta kakkaɓe. Ta san shi. Ragowar rigar da ta ɗinka wa Innarsu ce, Sallar da ta zama ta ƙarshe gare ta, furannin nan farare ko dishewa ba su yi ba. Sammani ya tsai da shanun, ya daɗe yana kallon abin da ke hannunta.

"Inna ta koma ƙasa shekara biyu ke nan," ya ce a hankali. "Rigarta ce ta ƙi."

Mahfuza ta share ido da bayan hannu, ta soke ƙyallen a ƙugunta. Ta ɗauko buhu ta tsaya a bayan garma.

"Kora su, Yaya. Kai ka tono, ni in tsince."