Masu Shekara Casa'in da Tara

Auta ce ta fara lura cewa mata suna ɓacewa a cikin kwamfutar ofis. Aikinta a cibiyar bincike shi ne ta karɓi bayanan masu haihuwa da asibitoci ke turowa, ta zuba su a manhajar ƙididdiga, ta fitar da alƙaluman da ma'aikatar lafiya za ta duba kafin ta yanke ko tallafin haihuwa kyauta zai ci gaba. Ran nan ta gwada yawan matan da suka shiga da yawan da suka fito, sai ta ga akwai giɓi, kuma ba ƙarami ba.

Jerin umarnin da ke tace bayanan, yayanta ne ya rubuta shi kafin ya samu aiki a ƙasar waje. Ita ta gaji teburinsa da kujerarsa mai kuka in an jingina. A tsakanin layukan umarni ya bar 'yan maganganunsa, irin waɗanda kwamfuta ke tsallakewa. "Kar ka taɓa nan, ni ma ban san yadda aka yi yake aiki ba." Can ƙasa kuma: "Nan yunwa ta kama ni." Takan buɗe ta karanta ko ba aiki, don a nan ne kawai ya rage yana da lokacin wasa. A waya kullum yana bakin ƙofar taro.

A cikin layukan nan ta samo inda matan ke zubewa. Yaya ya umarci manhajar ta jefar da duk mai jegon da shekarunta suka haura hamsin da biyar, tunda kuskuren bugawa ne. A zamaninsa daidai ne. Amma bayan tafiyarsa aka sauya fom, aka ce duk wadda ba ta san shekarunta ba a rubuta mata casa'in da tara. Su wa ne ba su san shekarunsu ba? Matan da suka fi nisa da asibiti, masu zuwa sai naƙuda ta yi tsanani, waɗanda aka fi rasawa. Manhajar tana watsar da su shiru, adadin mace-mace yana sauka a takarda, ofis yana tafi.

Ta shiga wajen Darakta ranta a ɓace, ta faɗa masa abin da ta gano. Ta tarar da shi da abokin aikinta mafi daɗewa, wanda kowa ke kira Malam Ba-Komai, don ko gini ya kama wuta abin da zai ce ke nan.

"Casa'in da tara?" Malam Ba-Komai ya kece da dariya. "Ashe kakata ma tana da sauran dama."

"Malam, mutane ne fa suka mutu ba mu ƙirga su ba."

"Ba komai, 'yata. Shekara nawa muna danna maɓallin nan yana ba mu amsa?"

"Amsar ƙarya yake ba mu!"

Darakta ya ɗaga mata hannu. "Sassauta murya. Ni ba zan bari a yi wa aikin yaron nan kutse ana gab da miƙa rahoto ba. Shi ya rubuta, shi zai gyara. Kira yayanki. In zai zo, cibiya ta ɗauki nauyin tafiyarsa."

Ta buɗe baki za ta ce layi ɗaya ne, ranka ya daɗe, kafin shayinka ya huce na gama. Sai kalmar nan "zai zo" ta tsaya mata a rai. Ta hango shi yana shigowa da jakarsa a kafaɗa ɗaya, yana ture ta daga kujerar, yana cewa tashi, 'yar haya. Ta rufe bakinta. Ta ce to.

Da yamma ta faɗa wa Umma, tana ta nanata cewa wataƙila ne fa. Umma ba ta ji wataƙilan ba. Washegari aka fitar da katifar ɗakinsa rana, aka kwashe buhunan da suka mamaye ɗakin, aka aika a gyara fankar da ta tsaya tun bara.

Yaya bai ɗauki waya ba. Ya turo saƙo cewa zai kira ƙarshen mako. Ƙarshen mako ya zo ya wuce. Auta ba ta matsa ba, don muddin bai ce a'a ba, yana kan hanya. Kullum da safe sai ta buɗe layin nan, ta kalle shi, ta rufe. Ita da ke hura wa kowa wuta a ofis, ita da ta taɓa cewa a taro in "gobe" ma'aikaci ne da tuni ya zama darakta, ga ta tana cewa gobe. Ta bangon da ya raba su tana jin Darakta yana gwajin jawabinsa: mace-mace sun ragu, tallafi ya cimma burinsa, ana iya karkatar da shi wani wajen.

Kiran Yaya ya shigo da tsakar rana. Ta fita da gudu zuwa matakalar bene, inda ba mai ji. Ta zayyana masa komai, fom, casa'in da tara, maganar Darakta, ta ƙare da cewa har tikiti za su saya.

Ya yi dariya, irin ta da, har ta ji idonta ya kawo ruwa. "Auta, layi ɗaya ne fa."

"Na sani."

"Ke da kika fi ni iya manhajar nan tun kina aji uku a jami'a?"

"Na ce na sani, Yaya."

Can bayansa tana jin ƙarar wata mota da ba irin tasu ba.

"Takarduna ba su fito ba," ya ce a hankali. "In na fita yanzu, ba za su bar ni in koma ba. Bana dai ba zai yiwu ba." Ya numfasa. "Yaushe kika gano abin?"

"An ɗan kwana biyu."

"Kuma matan suna nan a waje har yanzu?"

Ta zauna a kan matakalar.

"Ni kike jira, ko?"

"Umma ta gyara maka fanka."

Ta ji ya ja hanci, sannan ya yi tari don ya rufe. "Ki shigar da su, ƙanwata. Ni na bar ƙofar a haka, ban san za a sauya fom ba. Kar ki sa su jira ni, ni ma ban san ranar ba."

Ta koma teburinta. Ta goge layin, ta rubuta sabo: casa'in da tara na nufin ba a sani ba, a bar mai ita a cikin lissafi. Ta danna. Manhajar ta ɗan yi tunani, sai adadin mace-mace ya miƙe ya koma inda yake tun kafin a fara tafi, har ya ɗan haura.

Ta buga takardar ta kai wa Darakta da ɗuminta. Ya karanta, ya cire tabarau, ya sake karantawa.

"Wa ya ba ki izini?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Ya kamata in yi tun ranar da na gani. In za a hukunta ni, a hukunta ni kan jinkirin. Amma wannan ce za ta tafi ma'aikata."

Ya daɗe yana kallon lambar. Daga bisani ya jawo jawabinsa, ya kife shi a kan tebur, ya ce ta kawo masa bayanin yadda aka yi, a rubuce, kafin a tashi.

Tana fitowa wayarta ta yi ƙara. Umma ce.

"Auta, kun yi magana? Ya ce yaushe?"

Ta jingina da bango, ta rufe ido.

"Umma, yana gaishe ki sosai. Ki bari in dawo, yau ba zan daɗe ba."