Tukwane Goma Sha Biyu Cikin Toka

A shekarun da kuɗin fetur suka yi wa ƙasar nan ambaliya, Alhaji Sada, ɗan kwangila a Katsina, ya sayi abu uku a wata guda: farar marsandi, injin walda daga Jamus, da injiniya. Injiniyan shi ne Gideon, mutumin Filato, wanda ya yi shekara huɗu a Ingila yana karatun ƙarfe. Alhaji ya ba shi gida a Kambarawa da ofis mai fanka, kuma duk baƙon da ya zo sai an leƙa da shi ya ga Injiniya. Gideon yana son aikin nan kamar ransa, don shi ne na farko da ya samu, kuma gidan ma na aikin ne.

Abin da ya sani kuwa ya san shi har ɓargo. Ƙarfen nan mai sheƙi da ba ya tsatsa, wani sinadari ne a jikinsa, kuromiyam, yake tsaronsa. Idan ƙarfen ya daɗe cikin zafi tsaka-tsaki, sai ɗan gawayin da ke cikinsa ya janye sinadarin, su dunƙule su zama tsaba-tsaba da ido ba ya gani, su bar gefensu tsirara, tsatsa ta samu ƙofa. Gideon ya tsara lissafin da zai faɗi yawan tsabar idan an san zafin da daɗewarsa. Katunan da ake huda lissafin a jikinsu sai ya kai su Zariya a mota, kwamfutar jami'a ta tauna su. Abu ɗaya ke cin ransa: bai taɓa ganin lissafin ya tabbata a kan ƙarfen da ya fi ɗan yatsa girma ba.

Sai Alhaji ya samu kwangilar manyan tukwane goma sha biyu na wata makarantar kwana. Aka kawo fallayen ƙarfen, aka miƙa wa Babaji, tsohon maƙeri na Ƙofar Kwaya, ya fitar da gindinsu. Babaji ya gasa, ya buga, aka yi walda, ya sake gasawa. Daga nan ya yi wa ƙarfen karamcin da ubansa ya koya masa: ya binne tukwanen cikin toka mai zafi, su huce a hankali kwana biyu.

Gideon ya zo ya tarar da tsibin toka. Ya daure aka gama gaisuwa, gida da iyali da gajiya, sannan ya ce, "Baba, wannan ƙarfe ba ya son lallashi. A gasa shi jajawur, a tsoma shi a ruwa nan take."

Babaji ya dube shi da tausayi. "Injiniya, kai in ka hito wanka da ruwan zahi, rijiya kake hwaɗawa? Ƙarhe ma rai gare shi."

Aka kai magana gaban Alhaji, cikin mutane, bayan la'asar. Gideon ya shimfiɗa takardu masu layuka a kan tabarma. Alhaji ya yaba kyawun zanen ƙwarai, ya sa aka zagaya da shi kowa ya gani, sannan ya ce Babaji ya shekara hamsin yana ƙira, kuma Bature da kansa ya rubuta a jikin akwatin fallayen cewa ƙarfen ba ya tsatsa.

Nan zuciya ta ɗebi Gideon. "Ranka ya daɗe, da gishirin miya da wutar kullum, wata tara. Tsatsa za ta fito yatsa biyu daga bakin walda, ta zagaye tukunya."

Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi," ya matsa gefe.

Wata takwas tukwane suna walƙiya, Gideon yana ramewa. Da safe ya yi addu'a kada su lalace, da yamma ya sake bin lissafinsa yana neman inda ya yi kuskure, in bai samu ba kuma ya ji daɗi, ya ji kunyar jin daɗin.

A wata na tara Lami, uwar tuwon makarantar, ta aiko cewa miya tana zuba a wuta. Aka cika marsandi aka tafi. Ga tukwane a jere, kowace da jan zobe a ƙugu. Gideon ya durƙusa, ya ɗora yatsu biyu a bakin walda. Tsatsar ta tsaya cif a gefen yatsansa. Shekara huɗu na sanyin Ingila suka taso masa a ƙirji, bawan Allah ya manta inda yake, ya washe baki ya ce, "Daidai!"

Kowa ya ga wannan murmushi. Lami ta ja mayafi ta rufe fuska.

Kafin magariba Katsina ta gama nata lissafin, ba tare da zuwa Zariya ba. Mutum ya faɗi wata, ya faɗi wuri, abu ya faru, ya yi dariya. To wa ya yi aikin?

Washegari Alhaji ya kira shi, ya ba shi kujera, ya yi masa magana da ladabin da bai taɓa yi masa ba. "Injiniya, mun ga abin da Allah ya ba ka, ba mu ja da kai. Ka yi mana aikin gahwara, ka bar mana makullin gidan ran Jumma'a."

Gideon ya buɗe baki zai yi bayanin tsabar nan, ya ga Alhaji ya runtse ido yana motsa leɓe da addu'ar neman tsari, sai ya miƙe. Yana fita ya ji Babaji a zaure yana ba da umarni a tara toka, sababbin fallaye sun iso.

"Wannan karon kwana ukku za su yi," in ji tsohon, murya ƙasa-ƙasa. "Kuma kada wanda ya gaya ma Injiniya ranar da za a binne su."