Notin da Ya Faɗi a Tsakiyar Hamada

Duk shekara in aka ba da hutun makaranta, Baba yakan loda iyalinsa a tsohuwar motarsa su tsallaka hamada zuwa gidan Kaka. Tafiyar wuni guda ce cur. Ba gari, ba bishiya, ba ko tudun da akuya za ta laɓe. Yashi ne shimfiɗe har inda ido ya gaji.

A shekarar da Tsigi ta cika tara, Inna ba ta je ba, tana gida da jariri. Tsigi ita kaɗai ce mace a motar, an matse ta a kujerar baya tsakanin yayyenta biyu, Dogo da Kunne. Da can in uzuri ya kama ta, sai ta raɗa wa Inna, a tsaya, Inna ta ware zani ta yi mata katanga. Bana babu Inna, babu zani.

Laifinta ne kuma, a faɗi gaskiya. Tun da hantsi Kunne ya ce mata mace ba ta iya shanye kofi uku na ruwa a jere. Ta shanye huɗu, ta goge baki, ta yi masa gwalo.

Rana na kaiwa tsaka ruwan ya fara neman hanya.

Ta haɗe gwiwoyi. Ta ƙirga ƙusoshin jikin ƙofa, ta sake ƙirgawa. Ta leƙa taga ko za ta hango ɗan dutse, ko kututture, ko da mataccen raƙumi ne. Babu. In ta sauka a nan, ko tafiyar awa guda ta yi, waɗannan biyun za su hango ta tsugune kamar tukunya a tsakar gida, kuma labarin zai riga ta isa gidan Kaka. Ta gaya wa Baba da bakinta kuwa? Gara ƙasa ta tsage.

Dogo ne ya fara lura.

"Kunne, me ya sami ƙanwarka take rawa ba kiɗa?"

"Ni ba rawa nake ba," in ji Tsigi.

"Ayya, ƙishirwa ce," in ji Kunne. "Jaruma mai kofi huɗu! A ƙaro miki na biyar?"

Ya jawo jarkar ruwa ya ɗora a cinya yana girgizawa a hankali, ruwan yana cakal-cakal. Dogo ya sa baki kusa da kunnenta yana "shhhhh" kamar an buɗe famfo. Motar ta faɗa rami, ta yi tsalle. Tsigi ta cije leɓe, hawaye ya cika mata ido.

Baba mutum ne da ba ya magana in yana tuƙi, ba ya kuma juyowa. Amma madubi yana gabansa. Ya ɗaga ido sau ɗaya, ya mayar kan hanya. Can sai ya karkata kai kamar mai sauraro.

"Kun ji wannan ƙarar?"

"Wace ƙara, Baba?"

"Kunnuwa kamar faifai, amma ba sa jin komai. Noti ya kwance a inji."

Ya taka birki, ya kashe motar. Yaran suka dubi juna, don kowa ya san in motar nan ta mutu da zafi, sai an tura ta take tashi. Baba ya fito ya ɗaga murfin inji ya tokare shi da sanda.

"Kai Dogo, nan. Kai Kunne, nan. Ku sa kawunanku ciki ku nemo mini shi. Wanda ya ɗago kai kafin in ce, a ƙafa zai ƙarasa gidan Kaka."

Sannan, ba tare da ya dube ta ba, ya ce, "Ke kuma, zaga bayan mota ki duba ko a hanya ya faɗi. Ɗauki buta, ƙila ya yi datti. Ki duba da kyau, ban son gaggawa."

Shi ma ya cusa kansa cikin injin, hannu ɗaya a ƙeyar kowane yaro.

Tsigi ba ta san sanda ta sauka ba. Daga bayan mota tana jiyo su.

"Baba, zafi!"

"Nemo."

"Baba, wane iri ne notin?"

"Irin na ƙarfe. Nemo."

"Wallahi gashin girata ya ƙone."

"Zai tsiro."

Ta daɗe. Ta rufe wurin da yashi, ta wanke hannu, ta gyara ɗankwali, ta dawo tana taku ɗaiɗai kamar matar gwamna.

"Kin gan shi?" in ji Baba daga cikin inji.

"Na gani, Baba."

"Madalla. Bar shi a can, ya riga ya lalace."

Ya saki ƙeyar yaran. Suka ɗago fuska duk baƙin mai, gumi na ɗiga daga haɓa. Kunne ya dubi butar, ya dubi Tsigi, ya buɗe baki.

"Baba, ai ba noti ta..."

"Ka ga wani abu ne?"

"A'a."

"Kai fa, Dogo?"

"Ni inji kawai na gani."

"To wanda bai gani ba, ba shi da labarin bayarwa. Ku koma baya ku tura. Tsigi, shigo gaba ki zauna, nauyi ya yi wa bayan yawa."