Makullan Baba

Karen ba shi da wani asali. Baba ya tsinto shi ne a bayan shagonsa yana ɗan kwikwiyo, kwance cikin tsummokaran goge mai, sai ya raɗa masa Tsumma. Sunan ma bai yi aiki sosai ba, don Baba ba ya kiransa. Baba mai yankan makulli ne da gyaran kwaɗo, yana da wani damin makullai a ƙugu da ya kusa nauyin jariri. In ya rufe shago ya nufo gida, tun daga kwana za ka ji cakal-cakal, sai ka ga Tsumma ya ɓullo daga duk inda yake ya biyo shi har ƙofa. Sauran 'yan gidan kuwa ba sa ambaton sunansa sai ya yi ɓarna.

Da ɓarin jikin Baba ya shanye, aka kwantar da shi a ɗakin da ke kallon tsakar gida, aka rataye makullan a ƙusa. Magana ta tafi, hannu ɗaya ya tafi. Ido ya rage, shi kuma ba ya barin bakin ƙofa, inda Tsumma kan zo ya ɗora haɓarsa. In kare ya zo, Baba ya buɗe baki a ba shi abinci. In bai zo ba, ya datse haƙora. Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ke riƙe cokali, don haka ba wanda ya kai ta sanin wannan.

To, da cakal-cakal ta daina, sai Tsumma ya zama ɗan yawo. Rannan Mai Kaji, maƙwabcinsu, ya yi sallama ya tsaya a ƙofa.

"Ban ce naku ne ke cinye min kaji ba," ya ce wa Umma, "amma gashin kaza na gani a bakinsa, kuma ba na jin aski ya je. Darajar mai gidan nan ce ta sa na zo da baki. In na sake ganinsa a jikin wayar kejin kajina, nama zan ajiye masa. Kin dai gane irin naman."

Nan Yaya ya miƙe. Yaya shi ne babban wan Auta, mutum ne da in ya kalli bidiyon abu a waya, ya gama zama gwani a kansa. Washegari ya dawo da usur, da hular rana, da wata jakar ƙugu da ba komai a ciki.

"Kiran kare kimiyya ce," ya ce. "Farko dai a canza suna. Daga yau Janar. Kare yana jin sunansa a jikinsa. Ka kira shi Tsumma, ya yi halin tsumma."

"To kai da ake kira Yaya, me ya hana ka halin manya?" in ji Auta.

"Ke Auta, bakinki," in ji Umma.

Yaya ya tsaya a tsakiyar layi ya yi ta busa usur, har mai gadin makaranta ya leƙo ya tambaya ko ƙwallo ake. Janar na can gindin bola yana sosa kunne.

Auta ce ta gano abin, ba kuma da wayo ba. Tana sharar ɗaki tsintsiya ta taɓo makullan suka faɗo. Kafin ta sunkuya, sai ga Tsumma ya faɗo gidan kamar an jefo shi, yana haki, yana zagaye tsakar gida yana neman ƙafafun da suka saba zuwa da ƙarar. Bai same su ba. Ya je ya ɗora haɓa a bakin ƙofa. Ranar Baba ya cinye kwanonsa tas.

Da Baba ya gama, ta tuna da Mai Kaji, ta ɗaure karen da sarƙa. Sannan ta yi abin da ya fi wannan muni: ta gaya wa Yaya.

"Ai na sani," in ji Yaya. "Akwai sunansa ma da Turanci." Ya soke makullan a jakar ƙugu. Jaka ta samu aiki.

"Yaya, kar ka riƙa kaɗa su haka kawai. Baba yake zato."

"Ke kin taɓa ganin bidiyo ko ɗaya?"

Daga nan aka shiga horo. Yaya ya kwance kare, ya bari ya yi nisa, ya kaɗa makullai, kare ya sheƙo, Yaya ya ɗaure shi. In ya ɗan makara, a tsula masa igiya don ya koyi kiyaye lokaci. Aka kaɗa don a yi masa wanka. Aka kaɗa don abokan Yaya su gani su tafa. Aka miƙa wa Auta waya ta ɗauki bidiyo, aka yi ta maimaitawa saboda hular ba ta zauna daidai ba. Ita kuma ta ɗauka, don in ta ƙi, Umma za ta ce ba ta son ci gaban ɗan'uwanta.

Ta cikin wayar ta ga yadda abin ke ƙarewa. Da farko gudu yake zuwa. Sai ya koma sassarfa. Sai tafiya, kai a ƙasa. Sai ya fara tsayawa daga nesa, ya leƙa bayan Yaya ko akwai wani, ya ga babu.

"Ya fara nutsuwa," in ji Yaya. "Haka ake so."

Wata safiya Yaya ya kwance shi don horo, aka kira shi a waya, ya bi maganar har waje, ya bar jakar a kan kujera. Auta na jiƙa wa Baba baki ta lura sarƙa ba kare. Ta zaro makullan ta fita ba ko takalmi.

Karen na can jikin wayar kejin Mai Kaji. A gindin wayar an ajiye wata tsoka a kan takarda, ja wur, irin wadda ba a yar da ita don kuskure.

Ta kaɗa. Kunnuwansa suka miƙe, ya waiwayo. Ta sake kaɗawa da hannu biyu, har makullan na yankar tafinta. Ya dubi hannunta, ya dubi bayanta, layin ba kowa. Ya kaɗa jela sau ɗaya, kamar mai ba da haƙuri.

"Tsumma!" ta ce. A gidansu wannan sunan faɗa ne, shi ma ya sani. Ya sunkuya ya ɗauki naman ya zagaya bayan bola da gudu.

Kafin rana ta take aka same shi a mace cikin kwata. Yaya ya cire hula ya tsaya a kansa, ya ce dama irin wannan jinsin ba sa ɗaukar horo, da na waje ne da tuni an wuce wurin. Mai Kaji ya aiko a yi wa mai gida sannu da jiki.

Auta ta koma ɗaki za ta mayar da makullan ƙusarsu. Garin ratayewa suka yi ƙara. Baba ya juyo da ido bakin ƙofa, ya buɗe baki yana jiran cokali.

Ta damƙe makullan a hannu don su yi shiru. Da ɗaya hannun ta ɗebo abincin da sauri, tun bai gane ba.