Sunan da Ke Bayan Ƙunshi

Duk wata biyu Umma kan taso daga unguwar Gorton a Manchester ta hau motar safa zuwa Birmingham, da ƙunshi a cinya. Ba wai Manchester ta rasa gidan waya ba ne. Sunan yayana Sha'aban ne za a rubuta a baya, shi kuwa ɗan fari ne, kuma tun da aka haife shi Umma ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a baki ko a takarda. Kunya ce irin tamu. Sai dai ta ce "yayanki", ko "wancan".

Sha'aban soja ne, an tura su Estonia. Idan ya sauka daga aiki, ɗinkin hula yake yi, wanda kakanmu ya koya masa a Zariya. Umma ce ke zaɓar zaren da allurai da yadin, tana ɗaga kowane zare ta duba a hasken taga kamar mai tsintar shinkafa. Nawa aikin a ɗakina na ɗalibai a unguwar Perry Barr, nan Birmingham, bai wuce minti ɗaya ba: suna, lambarsa ta soja, adireshi.

Ranar da ya shiga soja Umma ba ta ce masa komai ba, shi kuma ya ɗauki shirun nan fushi ne. Shekara uku ke nan bai kira ta ba sai gaisuwar Salla.

"Ki daina wahalar da kanki, Umaima," ya ce da ni a waya. "Na san ke ce ke aikowa. It's your handwriting, rubutun hannunki ne."

Na rantse masa Umma ce ke aikowa, bai yarda ba. Abin ya ba ni haushi, su biyun duka, don taurin kan nasu iri ɗaya ne.

Da Umma ta zo da ƙunshi na gaba, na gaya mata abin da ya ce, na kuma ce ba zan rubuta ba.

"Jami'ar ce ta koya miki wannan?" ta tambaya.

Muka tafi gidan waya. Ta karɓi biro, ta kwafi lambar da adireshin daga wayata, ta bar layin sama fayau. Matar da ke kan kanta ta turo ƙunshin baya, ta ce ba zai tafi ba suna. Mutane huɗu na jira a bayanmu. Umma ta dube ni, na dubi silin.

"Juya ki ba ni baya," ta ce.

Na juya. Ta daɗe, har wani dattijo a layi ya fara gyaran murya. Sannan na ji an ɗora ƙunshin a sikeli. Da muka fito ba ta yarda mun haɗa ido ba, ta ce na raka ta Sparkhill ta sayi yaji.

Bayan mako uku Sha'aban ya kira.

"Ƙunshi ya iso. Amma wa ya rubuta sunana? Ban san hannun ba."

"Umma ce."



"Tana kusa?" ya ce.

Na ce ta koma Gorton tun tuni, kuma yana da lambarta.