Biron da Ya Maye Gurbin Kaza

Washegarin ranar da kazar Umma ta yi ƙyanƙyasa, mota ta take ta a ƙofar gida. Umma tana can wajen ƙanwarta da ta haihu, don haka marayun suka faɗo hannuna, ni da na gama jami'a na dawo ɗakin zaure ina jiran aikin da ya ƙi zuwa. Baba ya ce in kai wa maƙwabciyarmu ko kazarta za ta karɓe su. Na kai, kazar ta bi su da sara, na kwaso su a hulata na dawo. Baba ya bi ni da kallo. Na san irin wannan kallon nasa tun ranar da na ajiye masa takardar digiri ya tambaye ni abin da hannuna ya iya.

Kazar da ta mutu ita kaɗai ta rage daga irin da Umma ta gada wajen mahaifiyarta. Idan 'yan tsakin suka mutu, irin ya ƙare, kuma a hannuna zai ƙare.

Na kwashe littattafaina daga wani kwali, na shimfiɗa tsohon buhu, na rataya ƙwan lantarki a sama. Idan suka dunƙule ƙarƙashinsa suna kuka, sai in sassauto igiyar. Idan suka watse kusurwoyi suna haki, in ɗaga ta. Na zuba ruwa a murfin gwangwani, na sa tsakuwa don kada wani ya nutse, na tsoma bakin kowanne har ya haɗiya. Abinci ne suka ƙi. Tattaka ɓarzajjen hatsin suke yi kamar yashi. Ƙaraminsu, mai ɗigon baƙi a ka, ya fara sakin fukafukai yana lumshe ido.

Na koma gidan maƙwabciya na tsaya ina kallon kazar da ta kore su. Ashe ba ta sa wa 'ya'yanta komai a baki. Ɗaukar ƙwaya take yi ta saki, ta caccaki ƙasa, su kuwa su rugo inda bakinta ya taɓa. Da na dawo na gwada da yatsa, inuwar hannuna ta firgita su. Sai na ɗauki biron da nake rubuta takardun neman aiki da shi, na riƙe shi daga can ƙarshe, na shiga ƙwanƙwasa farantin hatsin a hankali. Ɗaya ya matso ya sari bakin biron, ya kuskure, ya sami hatsi. Sauran suka biyo baya. Mai ɗigon baƙi ne ya zo ƙarshe yana tangaɗi, amma ya ci.

Yayata ta zo gaida Baba ta same ni a tsugune.

"Sannu uwar marayu. Ashe abin da aka koyo a jami'ar ke nan?"

Na ce mata ɗalibaina dai ba sa fashin aji.

Ana haka aka kira ni ganawar neman aiki a can ƙarshen gari, abin da zai cinye yini guda. 'Yan tsakin kuwa har lokacin ba sa ci sosai sai sun ji ƙwanƙwasar. Da safe ina ɗaura agogo ina tunanin fasa tafiyar, sai ga Baba a bakin ƙofa.

"Nuna mini yadda kake yi," in ji shi.

Tsohon kafinta ne, hannunsa ya saba da guduma. Bugun farko da ya yi, suka tarwatse.

"A hankali, Baba. Ba ƙusa ba ce."

Na riƙe wuyan hannunsa na sassauta masa, abin da ban taɓa yi ba tun tasowata. Ya bar ni na riƙe, har suka dawo kan farantin.

Da la'asar na dawo na tarar da shi a kan kujera kusa da kwalin, ya saƙale biron a bayan kunne yadda yake yi da fensirinsa na aiki. Maƙwabciya tana tsaye tana mamakin yadda suka rayu, shi kuma yana gaya mata cewa dabarar ɗansa ce, ba wanda ya koya masa. Ya ɗago mai ɗigon baƙi ya ce in taɓa ƙirjinsa in ji yadda ya cika. Sai da ya gama ba ni labarinsu ɗaya bayan ɗaya sannan ya tuna ya tambaye ni yadda ganawar ta kasance. Biron kuwa bai mayar mini ba, ni ma ban nema ba.